Ka Tambayi Masana: Ta yaya direban uwa zai miƙa wa ɗansa bayanai a Linux?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne daga Zariya. Aikina na ƙarshe shi ne ƙaramin allo mai lura da batirin sola, Linux ne a kansa. Akwai IC (ƙaramin guntun lantarki) guda a layin sadarwa na I2C mai aiki biyu: yana auna cajin batiri, yana kuma kunna fitilu. Na rubuta direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) ɗaya na IC ɗin a matsayin uwa, da wasu biyu a matsayin 'ya'ya. Don su san inda za su same shi, sai na ajiye manunin (pointer) bayanansa a ma'ajiya ta gama-gari (global variable). Da na ƙara IC na biyu, duka karatun ya koma na biyun. Na sauya zuwa dev_get_drvdata, yanzu kuma wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci kanel (zuciyar Linux) ya faɗi da saƙon NULL pointer dereference. Ina kuskuren yake?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta yi mini daɗi, domin ka bayyana abin da ya faru daki-daki, har na gane matsalar tun kafin in ga layi ɗaya na aikinka.

Matsalar farko, ta ma'ajiyar gama-gari, ba ta da wuya. Direba ɗaya ne a ƙwaƙwalwa, amma na'urorin da yake yi wa hidima suna iya zama goma. Ma'ajiyar gama-gari kuwa gurbi ɗaya gare ta, wanda ya zo ƙarshe shi ke taka na farko. Ka yi daidai da ka rabu da ita, kada ka sake komawa.

Ta biyun, wato faɗuwar kanel, ita ce take buƙatar zama. A Linux kowace na'ura tana da struct device nata, a cikinsa kuma akwai gurbin parent mai nuna uwarta. Uwa tana rataya bayananta a jikinta da dev_set_drvdata, ɗa kuma ya ɗauko su da dev_get_drvdata(pdev->dev.parent). Hanyar daidai ce. Abin da nake kyautata zaton ya faru shi ne ka kira mfd_add_devices, mai ƙirƙirar 'ya'yan, kafin ka rataya bayanan. Mutane da yawa suna ɗauka cewa sai aikin probe (shirin farko da direba ke yi wa na'urarsa) na uwa ya ƙare sannan na ɗa zai fara. Ba haka ba ne. Idan direban ɗan ya riga ya yi rajista, to a cikin wannan kiran kanel zai tashi probe ɗinsa, uwa tana tsaye a kan layin ba ta wuce ba. Ɗa ya miƙa hannu, ya tarar babu komai. Ranar da ka loda direban ɗan da hannu daga baya kuwa, uwa ta gama shirinta, sai komai ya tafi lami lafiya. Shi ya sa abin yake yi maka yau fari gobe baƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ware ƙwaƙwalwa, shirya regmap (hanyar karantawa da rubutawa a rajistocin IC, wato guraben bayanansa), nemi IRQ (layin da IC ke jan hankalin kanel da shi), rataya bayanai, sannan ƙirƙirar 'ya'ya ta zama aikin ƙarshe a probe.

Ina so ka buɗe direban AXP20x a drivers/mfd ka karanta shi da natsuwa. AXP209 na kamfanin X-Powers shi ke kula da wuta a allunan Allwinner A20 irin su Cubieboard2, yana zaune a adireshi 0x34 na I2C. IC ɗaya ne, amma yana da 'ya'ya da dama: mai daidaita wuta, maɓallin kunnawa, mai kula da batiri, mai kula da wutar USB. Direban maɓallin yana ɗauko tsarin uwa gaba ɗaya da dev_get_drvdata. Na batirin kuwa regmap yake nema da dev_get_regmap(pdev->dev.parent, NULL). Ni na fi son hanya ta biyun ga aikinka. Ɗan da bai san cikin uwarsa ba, duk gyaran da ka yi wa tsarinta ba zai karya shi ba. Ga kuma kulle da regmap yake da shi, wanda zai hana mai auna batiri da mai kunna fitila su yi karo a kan rajista ɗaya, muddin ka yi amfani da regmap_update_bits maimakon ka karanta sannan ka rubuta da kanka.

Idan abin da za ka miƙa ɗan saiti ne wanda ba ya canzawa, kamar yawan fitilu, sa shi a platform_data na mfd_cell tare da pdata_size. Sai dai ka sani kwafi ake yi wa ɗan. Abin da uwa ta canza daga baya ba zai gani ba. In kuma akwai manuni a cikin tsarin, manunin kawai aka kwafa, abin da yake nunawa yana nan a hannun uwa, dole ya rayu har ɗan ya tafi.

Sauran tsare-tsare ma sun sha fama da wannan. A FreeBSD uwa ce ke manna wa kowane ɗa bayanansa da device_set_ivars, ɗan kuma ba ya taɓa su kai tsaye. Idan direban katin PCI ya kira pci_get_vendor, tambayar tana bi ta BUS_READ_IVAR zuwa ga uwa, ita ke ba da amsa. A Windows uwa tana fitar da jerin ayyuka da WdfDeviceAddQueryInterface ƙarƙashin lambar shaida ta GUID, ɗa ya nema da WdfFdoQueryForInterface, ya faɗi girma da sigar da yake so. Tsarin FreeBSD ɗin yana burge ni, domin ya rufe ƙofar shisshigi tun daga tushe. Linux ma ta ƙara auxiliary bus a siga ta 5.11 a 2021, don manyan na'urori irin katunan sadarwa na mlx5, amma IC ɗinka bai kai nan ba, MFD, tsarin na'ura mai ayyuka da yawa da kake amfani da shi, ya ishe ka.

Saura cirewa, wadda ɗalibai suka fi mantawa da ita. 'Ya'ya ne za su fara tafiya kafin a saki abin da suke riƙe da shi. Yi amfani da devm_mfd_add_devices, domin devm yana sakin kaya daga na ƙarshe zuwa na farko, kuma tunda 'ya'yan ne ka ƙirƙira a ƙarshe, su za a fara cirewa. Amma kada ka saki wani abu da hannu a remove na uwa, saboda remove yana gudana kafin devm ya fara aikinsa, a lokacin 'ya'yan suna nan da rai.

Bayan ka gyara, gwada shi ta fuska biyu: loda 'ya'ya kafin uwa, sannan uwa kafin 'ya'ya, da IC biyun a haɗe. Ka leƙa /sys/bus/i2c/devices, ka tabbatar kowane IC yana da nasa 'ya'yan a ƙarƙashinsa. Ka kuma ba su PLATFORM_DEVID_AUTO, don kada sunayen 'ya'yan IC na biyu su ci karo da na farko. Allah ya ba da sa'ar kammala karatu.