Makullan da ke jikin tutar 'yan Katolika, na wace ƙofa ce?

TAMBAYA: Baba Katikis, mai koyar da addini a majami'ar Katolika, barka da aiki. Ni Musulmi ne, malamin firamare a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Sumaila. Maƙwabtanmu 'yan Katolika ne, rijiya ɗaya muke sha. A ƙarshen Nuwamba, muna tsakiyar yankan dawa, suka fito jerin gwano suna waƙar Almasihu Sarki, ɗauke da tuta mai ruwan ɗorawa da fari da hoton makullai biyu. Ranar kasuwa wani ya ce ai sun yi imani makullin aljanna na hannun Fafaroma, kuma Mulkin Sama da suke faɗa daula ce da suke son kafawa daga Rum. Na ji nauyin tambayarsu. Mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya maimakon ka ɗauki maganar kasuwa ka tafi da ita gida.

Mulkin Sama shi ne jigon wa'azin Yesu Almasihu. Linjilar Matiyu ta ambace shi sau talatin da wani abu, Markus da Luka kuma sukan ce Mulkin Allah. Abin nufi shi ne sarautar Allah a kan bayinsa, a yi nufinsa a ƙasa kamar yadda ake yi a sama. Ba shi da iyaka a taswira. Lokacin da gwamnan Romawa Bilatus ya tsare Yesu da tambaya ko shi sarki ne, amsarsa tana Yahaya 18:36: mulkinsa ba na duniyar nan ba ne, da na nan ne da barorinsa sun yi yaƙi. A Matiyu sura 13 ma bai kwatanta shi da fada ko runduna ba. Ya ce kamar ƙwayar mustad yake, ƙanƙanuwa, ta girma har tsuntsaye su sauka a rassanta. Kamar yisti da mace ta cuɗa cikin gari. Kamar gonar da alkama da ciyawa suka tashi tare, mai gona ya hana a tuge ciyawar kafin girbi don kada a haɗa da alkamar. Na sha karanta wannan sura ga manoma a ƙaramar majami'armu ta jinka, kuma ban taɓa buƙatar dogon bayani ba.

Makullan kuwa daga Matiyu 16:18-19 suka fito. A yankin Kaisariya Filibi, Yesu ya ce wa almajirinsa Bitrus a kan wannan dutse zai gina Ikilisiyarsa, wato jama'ar masu binsa, zai kuma ba shi mabuɗan Mulkin Sama, abin da ya ɗaure a duniya a ɗaure yake a sama, abin da ya kwance a kwance yake. Mu 'yan Katolika mun fahimci cewa wannan aiki bai mutu da Bitrus ba. Ya ƙare rayuwarsa a birnin Rum, kuma bishop ɗin Rum, wato Fafaroma, shi ne magajinsa. Shi ya sa tutar Vatican, mazaunin Fafaroma, ke ɗauke da makullai biyu, na zinariya da na azurfa.

Amma ka duba irin makullin. Annabi Ishaya, a sura 22, ya ba da labarin Eliyakim, wanda aka ɗora wa mabuɗin gidan Dawuda a kafaɗa. Eliyakim wakilin fada ne, sarki na nan a kan gadonsa. Ka san yadda maigida in zai tafi cirani Legas yake damƙa wa ƙanensa makullin ɗakin hatsi. Ƙanen zai auna wa iyali, zai hana ɓarna, amma hatsin ba nasa ba ne, kuma ranar da yayan ya dawo sai ya yi bayanin kowane buhu. Aikin da muka yarda an ba Bitrus da magadansa ke nan: koyarwa, riƙe haɗin kan jama'a, da sanar da gafarar Allah ga wanda ya tuba. Fafaroma da kansa yakan durƙusa gaban wani Fada, wato limamin Katolika, ya furta zunubansa. Wanda ke neman gafara haka bai mallaki aljanna ba.

'Yan'uwanmu na ECWA da Baptis, waɗanda ke da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, ba su yarda da mu a nan ba. Da yawansu suna cewa dutsen shi ne bangaskiyar da Bitrus ya furta, kuma a Matiyu 18:18 an ba dukan almajirai ikon ɗaurewa da kwancewa. Saɓanin ya haura shekara 500, tun zamanin Martin Luther, malamin Jamus da ya ja da Fafaroma a 1517. A dangina akwai kowane ɓangare, muna muhawara, muna kuma cin tuwo a kwano ɗaya.

Batun daula kuwa, mai maganar bai ƙirƙiro shi daga iska ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Fiye da shekara dubu Fafaroma yana mulkin wani yanki na tsakiyar Italiya, da haraji da sojoji, har 1870 da sojojin Italiya suka karɓe Rum. A 1929 aka yi yarjejeniyar Lateran, aka bar masa Vatican, fili mai hekta 44 kacal. A ganina wannan rashi alheri ne ga Ikilisiya, domin a zamanin da rawani da sandar kiwo suka haɗu a hannu ɗaya an yi abubuwan da ba su dace da Linjila ba. Babban taron bishop-bishop na Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya fayyace matsayin: Ikilisiya iri ce da mafarin Mulkin a duniya, cikarsa sai ranar ƙarshe. Har yanzu kullum muna roƙo cikin addu'a Mulkin ya zo.

Jerin gwanon da ka gani idin Almasihu Sarki ne. Fafaroma Pius na 11 ya kafa shi a 1925, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da shugabanni a Turai suka fara neman a yi musu biyayyar da ta Allah ce kaɗai. Yana faɗowa ranar Lahadi ta ƙarshe a shekarar ibadarmu. Ɗaya daga karatun ranar a wasu shekaru shi ne Matiyu 25, inda Sarkin ke raba mutane bisa wa ya ciyar da mayunwaci, ya shayar da mai ƙishi, ya sauki baƙo, ya tufatar da huntu, ya dubo mara lafiya da ɗan kurkuku. Duk lokacin da na karanta shi jikina yakan yi sanyi, don ba a tambayi kowa katin baftisma ba.

Ina jin akwai tambayar da kunya ta hana ka yi, wato ko muna ganin an kulle maka ƙofar. Wannan taro na Vatican ya rubuta a 1964 cewa shirin ceton Allah ya haɗa da masu shaida Mahalicci, ya kuma ambaci Musulmi a sahun gaba, masu bauta wa Allah ɗaya mai jinƙai wanda zai yi hukunci ranar ƙarshe. Bambancinmu na nan, kuma babba ne: mu mun gaskata an gicciye Yesu ya tashi daga matattu, ta wurinsa ceto yake zuwa, ku kuwa ba haka kuka karɓa ba. Sai dai a tsawon tarihinta Ikilisiyar Katolika ta ayyana dubban mutane a matsayin tsarkaka, amma ba ta taɓa kama sunan mutum ɗaya ta yanke cewa yana wuta ba.