Jikina ba ya son kifi, amma an rubuta mini man kifi: in sha ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni 'yar Argungu ce, shekaruna 46. Tun ina budurwa in na ci tarwaɗa ko ƙarfasa sai borin jini ya taso mini. Bara kuwa leɓɓana suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mini wuya. Yanzu an auna jinina an ce kitse ya yi yawa, an rubuta mini ƙwayar omega-3. Da na ga hoton kifi a kwalin sai gabana ya faɗi. Mai kemis ya ce ba komai, in riƙa haɗawa da Piriton. Ina tsoro.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoronki yana kan hanya. Ki ajiye kwalin nan tukuna, kada ki sha ko ƙwaya ɗaya sai kin koma wurin likitan da ya rubuta, kin gaya masa abin da ya same ki bara dalla-dalla. Mai yiwuwa bai tambaya ba, ke ma ba ki faɗa ba.

Abin da jikinki yake faɗa da shi galibi furotin ne da ke cikin tsokar kifi, ana ce masa parvalbumin. Dahuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, ko an yi wa kifin banda ma haka. Shi man da ake zubawa a ƙwayar omega-3 ana tace shi sosai, furotin ɗin da ke saura a ciki kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa da yawa daga masu irin matsalarki suke sha lafiya lau. Sai dai ba wanda zai rantse miki cewa babu ko ɗigo. Ko magungunan da aka fi tacewa, irin su Omacor da Vascepa, takardar cikin kwalinsu ta ce a yi hattara da mai aleji, wato wanda jikinsa ba ya son kifi ko jatan lande. Balle wanda ake shanyawa a rana a tasha, ba lambar NAFDAC, ba a san inda aka ɗura shi ba. Wadda matsalarta ta tsaya a ƙaiƙayi, likita zai iya ba ta ƙwayar farko a asibiti, a zauna a sa mata ido. Ke da abin ya taɓa kai miki ga numfashi, ni ba zan fara da man kifi ba. Akwai omega-3 da ake samu daga gansakukar ruwa, ba ruwansa da kifi, akwai kuma fenofibrate da aka saba bayarwa don irin wannan kitsen. Man krill kuwa, wanda wasu ke tallatawa a matsayin madadi, daga dangin jatan lande yake.

To, bari in zo kan maganar mai kemis, don ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma kullum sai na ji ta. Piriton ba ya hana mummunan aleji. Aikinsa ya kwantar da ƙaiƙayi da borin jini a fata. In maƙogwaro ya fara kumbura, ko ƙarfin gudun jini ya yi ƙasa, ba abin da ƙwayar nan za ta tsinana. Illarta ma ita ce ta ɓoye alamar farko: ƙurajen da za su gargaɗe ki ba su fito ba, ga barci ta sa ki, mutanen gida suna cewa a bar Hajiya ta huta, alhali hanyar numfashi ce ke tsukewa. Haka nan allurar hydrocortisone ko dexa da ake ta tsira wa mutane a bayan kantar kemis. Waɗannan sai sun ɗauki sa'o'i kafin su fara aiki, shi kuwa wannan ciwo cikin mintoci yake gama da mutum. Maganinsa na gaggawa ɗaya ne, allurar adirenalin a gefen cinya, miligiram 0.5 ga babba, a sake bayan minti 5 in ba a ga sauƙi ba. Ki tambayi mai kemis ɗin ko yana da ita a shagonsa. In babu, da me ya dogara har yake ce miki ba komai?

Sai kuma masu cewa a ɗura wa mutum manja ko madara wai su kashe dafi. Wanda maƙogwaronsa ya kumbura, in aka ɗura masa abu, sai ya shaƙe, man ya gangara huhu. Ga kuma 'yan "ki riƙa ci kaɗan-kaɗan jiki zai saba". A gari irin naku da kifi ke cikin kowace tukunya na san ana matsa wa mutum lamba, har a ce yanga ce ko iskokai. Ba a gwada irin wannan a tsakar gida. Abin da ya zo wa mutum da sauƙi a karon baya yana iya zuwa da tsanani a karo na gaba, ba wanda ya isa ya faɗi ranar. Wallahi wanda ya ba da shawarar da ba shi da iliminta, rai ya salwanta, ya tanadi amsar da zai bayar gobe ƙiyama.

Ki sanar da maigida da yara alamomin: kumburin leɓe ko harshe, murya ta dishe, ƙirji yana kuka, jiri, amai. In an ga haka bayan cin abinci ko shan magani, a kwantar da ke a ɗaga ƙafafu, in numfashi ne ya fi tsanani a zaunar da ke, kada a bari ki miƙe ki yi tafiya. A nufi asibiti mafi kusa nan take, ana isa a ce musu aleji ne. Ranar da za ki koma wurin likita ki tafi da kwalin, ki kuma gaya masa in kina shan asfirin ko warfarin mai tsinka jini, ko zuciyarki tana bugawa ba daidai ba, domin yawan omega-3 yana shafar waɗannan. Ki roƙe shi ya rubuta alejin kifi a bangon katinki da manyan haruffa.