Katunan baseball na marigayi Baba: kuɗi ne ko ajiya?

Ɗan'uwa, ka ce ka tarar da kwalin katunan 'yan wasan baseball (wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda) cikin kayan mahaifinka, waɗanda ya taho da su daga Amurka lokacin karatu, kana son sanin darajarsu. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Fara duba shekarar da ke bayan kati. In tsakanin 1987 da 1993 ne, kada ka sa rai sosai. A lokacin kamfanonin buga kati Topps, Donruss da Fleer sun buga su birjik, har yau kasuwa cike take da su. Tsofaffin ake rububi: katin shahararren ɗan wasa Mickey Mantle na Topps na 1952 ya kai dala miliyan 12.6 a 2022, shi ma don kamar sabo fil yake.

Wato lafiyar kati ita ce kuɗinsa. Ana duba kusurwoyi, gefuna, fuska, da ko hoton ya zauna daidai a tsakiya. Kada ka goge shi, kada ka ɗaure da roba, kada kuma ka kai a manne masa leda da zafi kamar takardar shaida, don nan take darajarsa za ta faɗi. Kowane kati ka sa shi a ledarsa, nesa da rana da laimar damina.

A eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, dubi farashin da aka sayar, ba wanda aka nema ba. In wani kati ya yi alamar tsada, sai ka tura wa masu tantancewa irin su PSA, masu ba da maki 1 zuwa 10 su tabbatar ba jabu ba ne. Ana biya kan kowane kati.

Ni da ni ne, katunan ƙungiyar garin da Baba ya yi karatu ba zan sayar ba.