Abin da ya ci Doma

Wani manomi daga yankin Gumel ya turo tambaya, wai ya ji a rediyo ana cewa duniya ta zama ƙauye ɗaya, shin Bahaushe na da karin magana a kan haka, ko "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ce?

To malam, a nawa ganin ba ita ba ce. Jinka ai ka san ta, a ƙasa ake haɗa ta a baibaye da shuci, in an gama a kira maƙwabta kowa ya kama gefe a ɗora ta kan ɗaki. Amma fa gayya ce, wanda ya ga dama ya zo, wanda bai ga dama ba ya ce yana gona. Shi kuwa lamarin ƙasashen nan babu mai neman yardarka, kana kwance a ɗakinka zai iske ka.

Wadda ta fi dacewa ita ce "abin da ya ci Doma ba ya barin Awe". Ba sunayen mutane ba ne kamar yadda wasu ke zato, garuruwa ne a jihar Nasarawa ta yanzu, Awe ma da gishiri aka san ta. Kuma "ci" a nan ba na tuwo ba ne, irin na "wuta ta ci gari" ne.

Kai da kake Gumel ma ka fi ni sani. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe boda, ai ka ga yadda kasuwar Maigatari ta koma ranar Alhamis, dillalan shanu da raƙuma zaune ana ta hamma, alhali ko ɗayansu ba a yi shawara da shi a Yamai ba. Haka 2022 da Rasha ta afka wa Yukiren, mutumin da bai taɓa jin sunan ƙasar ba sai da ya ji a jikinsa wajen sayen buhun taki. Riɗin da kuke nomawa kuma har Japan ake kai shi, zoɓo ya tafi Meziko, in suka ja baya da saye kai ne za ka tashi da buhuna a ɗaka.

Wata baiwar Allah daga Bichi kuma ta ce me ya sa ake cewa Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ka ce taron teloli? Hajiya, ɗinkin nan na "ɗinke ɓaraka" ne, tunda a 1945 aka kafa ta bayan yaƙin duniya na biyu ya yayyaga ko'ina. Yau ƙasashe 193 ne a ciki, Najeriya ta shiga a Oktoban 1960.