Ko Canon AE-1 Ta Dace da Mai Ɗaukar Hoto Don Sha'awa?

Ka tambaya ko kyamarar fim ta Canon AE-1 za ta dace da wanda yake ɗaukar hoto don sha'awa kawai. A ganina ta dace, matuƙar ka same ta da lafiyarta.

An fitar da ita a 1976, tana amfani da fim mai faɗin milimita 35, kuma babban alfanunta shi ne kai ne za ka zaɓi saurin buɗewar labulenta, wato abin da yake buɗewa haske ya faɗa kan fim, ita kuwa ta daidaita girman ƙofar da haske yake shiga, abin da yake rage wa sabon shiga ɓarnar fim. Gilasan da ake ɗaura mata a gaba, samfurin da ake kira FD, suna fitar da hoto tangaram, kuma na hannu ba sa wuyar samu.

Rauninta mafi girma shi ne idan batirinta ya mutu ba za ta ɗauki hoto ko ɗaya ba, saɓanin kyamarar Pentax K1000 wadda ma'aunin haskenta kaɗai ke buƙatar batir. Haka nan soson da yake toshe gefen murfinta yakan ruɓe saboda tsufa, haske ya kutsa ya ɓata fim, don haka ka duba shi kafin ka biya. Ka kuma lissafa kuɗin fim da na wanki, domin naɗi ɗaya yawanci hoto 24 ne ko 36.