Me ya sa muryar ta lalace bayan na mayar da ita 8 kHz?

Tambaya: Na naɗi wata hira a 48 kHz (wato samfuri 48,000, ma'ana awon sautin sau 48,000, a kowace daƙiƙa), sai na rubuta ɗan shiri da ke ɗaukar samfuri ɗaya cikin kowane shida don fayil ɗin ya koma 8 kHz. Yanzu sautin "s" ya dushe, ga wani ƙara kamar na ƙarfe yana bin maganar. Ina na kuskure?

Amsa: Malam, matsala biyu ce ta haɗu maka, kuma tushensu ɗaya. Ƙa'idar da Harry Nyquist ya aza harsashinta a 1928, Claude Shannon ya tabbatar a 1949, ta ce sai yawan samfurin da ake ɗauka a daƙiƙa ya wuce ninki biyu na kaɗawar sautin da ake son adanawa. Ke nan 8 kHz, wato samfuri 8,000 a daƙiƙa, ba ta riƙe sautin da kaɗawarsa ta haura 4 kHz (sau 4,000 a daƙiƙa), alhali yawancin ƙarfin "s" yana sama da nan. Shi ya sa a layin tarho na da, mai wuce 300 zuwa 3,400 Hz kawai, ake rikita "s" da "f".

Ƙarar ƙarfen ita ce babbar ɓarna. Sautin da ya haura iyaka ba ɓacewa yake ba, ninkowa yake ya dawo ƙasa, kamar an naɗe takarda a kan layin 4 kHz. Na 6 kHz zai bayyana a 2 kHz, na 7 kHz a 1 kHz, daidai inda wasula suke. Da zarar ya cakuɗe da muryar, babu matacin da zai raba su.

Saboda haka koma kan fayil na asali. Fara tace shi da mataci mai danne duk abin da ya wuce kusan 3.6 kHz, sannan ka zubar da samfuri biyar cikin shida. Manhajojin sarrafa sauti SoX da FFmpeg suna yin tacewar da kansu idan ka ba su aikin sauya yawan samfuri.

Amma shawarata, kada ka sauko ƙasa da 16 kHz in aikin gane magana za ka yi. A 16 kHz, bit 16 ga kowane samfuri, tasha ɗaya (mono), minti guda bai kai megabait (MB) 2 ba. In wurin ajiya ne ya yi maka ƙaranci, matse kwafi da Opus (tsarin rage girman fayil ɗin sauti), ka bar asalin fayil ɗin WAV, wanda ba a matse ba, yadda yake.