Ku Tambaya: Wa ke sa ido a kan sharuɗɗan da ake gindaya wa kayanmu a ƙetare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni baduku ne, sana'ar da na gada ke nan daga mahaifina, ina ɗinka jakunkuna da takalma a Ƙofar Wambai. Wani ɗan kasuwa daga Jamus ya ga aikina ya yaba, ya ce zai riƙa saye, amma sai na kawo takardar gwaji da ke nuna babu wani sinadari wai shi kuromiyam mai lamba shida a fatar. Da na tambayi kuɗin gwajin sai na ga ya kusa cinye ribar. Wani ya ce mini akwai kwamiti a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ke hana irin wannan, kuma 'yar ƙasarmu Ngozi ce shugabar ƙungiyar. Shin ba dabara ce kawai Turawa suka yi don su hana mu kasuwa ba? Ta yaya zan kai ƙara?
Daga wani baduku, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam baduku. Allah ya ƙara albarka a sana'a. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwaji na wata masana'antar jima a Challawa, kuma wannan sinadarin da ka ambata ya sha hana ni barci.

Wanda ya ba ka labarin kwamitin bai yi ƙarya ba, akwai shi. Sai dai ba kotu ba ne, kuma ba shi ke tsara ƙa'idojin ba. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1995, hedikwatarta na birnin Jeniba a ƙasar Suwizalan, kuma Najeriya na cikinta tun ranar farko. Cikin yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu a Marakesh a 1994 akwai wadda ta shafi ƙa'idojin ingancin kaya da kan iya zama shinge ga ciniki, ana taƙaita sunanta da TBT. Ita ta kafa wannan kwamiti. Kowace ƙasa cikin mambobi 166 na da kujera a ciki, suna zama sau uku a shekara bisa al'ada, a Maris da Yuni da Nuwamba, kuma ba a yanke komai sai kowa ya yarda.

Yarjejeniyar ba ta hana kowace ƙasa kare lafiyar mutanenta ko muhallinta ba, ko hana a cuce su da jabun kaya. Abin da ta ce shi ne, in za ka kafa ƙa'ida, ka kafa ta a kan kowa: abin da ka ɗora wa jakar Kano ka ɗora wa jakar da aka ɗinka a garinku. Kada ka tsananta fiye da abin da manufar ke buƙata. In kuma akwai ma'aunin da duniya ta riga ta amince da shi, irin na ISO, hukumar tsara ma'aunan inganci ta duniya, ka ɗora a kansa sai in yana da dalilin da bai dace da kai ba.

Amma abin da ya fi komai amfani gare mu, a ganina, shi ne wajibcin sanarwa. Ƙasar da ke shirin kafa sabuwar ƙa'ida mai taɓa ciniki, wadda ta saɓa wa ma'aunin duniya, dole ta aika wa WTO tun tana daftari, ta bar wa sauran ƙasashe lokaci su duba su yi magana. Kwamitin ya ba da shawarar kwana 60. Bayan an buga dokar kuma, akan bar aƙalla wata shida kafin ta fara aiki, don masu sana'a su shirya. In ƙasa ta yi magana ba a saurare ta ba, sai wakilinta ya tashi a zauren kwamitin, a gaban kowa, ya ce: dokarku kaza za ta cutar da mu, mene ne hujjarku? Ɗaya ɓangaren ya amsa, a rubuta. An ta da irin wannan ƙorafi sau ɗaruruwa tun 1995. Wasu sukan dawo zama bayan zama har shekaru. Da yawa kuwa a nan suke mutuwa, ko an gyara daftarin, ko an ƙara wa'adi, ko an yi bayanin da ya gamsar. Ba wanda aka ci tara, kunya ce da matsin abokan ciniki ke aiki.

In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ne ake zuwa shari'a, ita kuma wani sashe ne daban. Misalin da nake so shi ne na kifin gwangwani. Tarayyar Turai ta ce irin kifin da ake kamawa a tekunta kaɗai za a rubuta wa sadin a jikin gwangwani. Peru, wadda ke da nata irin, ta kai ƙara, ta nuna ma'aunin abinci na duniya ya yarda a kira nata sadin in an haɗa da sunan yankin, kuma ta yi nasara a 2002. Indonesiya ma ta yi nasara a kan Amurka a 2012, saboda Amurka ta haramta sigari mai kanumfari, wanda kusan duk daga Indonesiya yake zuwa, ta bar mai mantol wanda kamfanoninta ke yi. Ka ga a nan an kama son kai. Amma da Ostireliya ta tilasta a sayar da sigari a kwali marar ado, ƙasashe huɗu suka bi shari'ar, ita ce ta yi nasara a 2018, aka kuma tabbatar mata a 2020, domin dokar ta hau kan kowa kuma lafiyar jama'a take karewa. Sai dai tun Disambar 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ba ta iya sauraron sabuwar ƙara, saboda Amurka ta hana a naɗa sababbin alƙalai. Wannan ya ƙara wa zauren kwamitin nauyi.

To mu dawo kan jakarka. Zan faɗa maka abin da wataƙila ba shi ka so ji ba: dokar kuromiyam ba makirci ba ce. Mafi yawan fatar da masana'antu ke jemewa a duniya da gishirin kuromiyam mai lamba uku ake jeme ta, shi wannan ba shi ne matsalar ba. Amma in aka yi sakaci wajen aiki, zafi da hasken rana da wasu mayukan da ake shafa wa fata don ta yi laushi sukan juya wani ɓangarensa ya koma mai lamba shida. Shi ne mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje da tsagewar fata, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ya taɓa shi sai ciwon ya tashi. Na ga hannun ma'aikatan da ya kama, ban manta ba. Ƙasar Denmak ce ta kawo shawarar a taƙaita shi, Tarayyar Turai ta amince a 2014, dokar ta fara aiki a watan Mayun 2015: duk kayan fata da ke taɓa jikin mutum, in an sami miligiram 3 ko fiye a kilo ɗaya na busasshiyar fata, ba za a sayar ba. Majemin Italiya ma wannan ma'aunin ake auna shi da shi. Don haka ko Najeriya ta ta da maganar a Jeniba, ba na jin za ta kai labari, kuma ni kaina ba zan so ta kai ba. Ɗan Kano da ke sa takalmi ba safa a watan Afrilu, gumi na jiƙa fatar, shi ma yana da haƙƙin wannan kariya.

Akwai wata shekara da muka gwada kaya kafin su tashi, suka fita lafiya lau. Suka yi makonni a kwantena cikin zafi, a hanya da bakin tashar jirgin ruwa. Da suka isa, mai saye ya sake gwadawa, suka faɗi. Mun yi ta zargin ɗakin gwajinsu, daga baya muka gano man da muka sauya ne don ya fi araha. Ba mu mayar da asarar nan ba sai da muka koma man da ya dace, muka daina sa amoniya kafin rini, muka ƙara ɗan jiman itace a ƙarshe.

Jiman itacen nan kuwa shi ne inda kake da sa'a. Fatar da majemanmu na gargajiya ke jemewa da bagaruwa babu kuromiyam a cikinta tun asali. Da ita fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna, ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. In da ita kake aiki, ka gaya wa mai sayenka, domin a Turai akwai masu neman irinta musamman. Ka dai kula da abin da kake yin shafi da shi daga ciki da maɗauri, don sau da yawa can ake cusa fatar kamfani. Sai kuma rini. Akwai wata dokar Tarayyar Turai tun 2003 da ta hana wasu rinin azo masu sakin sinadaran da ke jawo sankara, iyakarsu miligiram 30 a kilo. Garin rinin da ake aunawa a leda ba suna ba lamba, ba ka da yadda za ka san me ke ciki. Karan dafi da kakanninmu ke yin ja da shi ba shi da wannan matsala.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne kuɗin gwaji. Nan ne ainihin shingen yake. Babban kamfani zai gwada fata ɗaya ya raba kuɗin a kan dubban jakunkuna, kai kuwa 'yan ɗaruruwa ne za su ɗauka. Kuma mai saye ba ya karɓar takardar kowane ɗakin gwaji sai wanda aka tantance bisa ma'aunin ISO 17025, shi ya sa samfur kan yi tafiya mai nisa. Yarjejeniyar TBT ta ƙarfafa ƙasashe su riƙa karɓar sakamakon gwajin juna, ta kuma ce a taimaka wa ƙasashe masu tasowa su gina nasu. Wannan ne ya kamata wakilanmu su riƙa nanatawa a zauren, mu kuma mu riƙa tambayar gwamnati a gida: ga cibiyar nazarin fata a Samarun Zariya, ga majemu a Challawa da Sharaɗa, me zai sa baduku ya wahala kafin ya sami takardar da Bature zai yarda da ita? Kafin a kai can, ku haɗu ku goma ko ashirin ku sayi fata daga tuli ɗaya wurin majemi ɗaya, a yi gwaji ɗaya ku raba kuɗin. Ko ka nemi majemin ya ba ka takardar gwajin tulin da ya sayar maka, masu fitar da fata waje sun saba yin ta. Ka kuma tambayi Bajamushen a rubuce: wanne ne doka, wanne ne son ransa? Abin da kamfani ya ƙara don kansa, kwamitin ba shi da iko a kai, ciniki ne tsakaninku, kana iya tayawa.

Batun kai ƙara kuwa, mutum ɗaya ko kamfani ba ya tsayawa a gaban kwamitin, gwamnatoci ne kawai. Dakta Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta hau kujerar a Maris 2021, tana shugabantar ma'aikatan ƙungiyar ne, ba ta da ikon soke dokar wata ƙasa. Amma kana da ƙofa. Kowace ƙasa tana da ofishin amsa tambayoyi kan waɗannan ƙa'idoji, namu yana Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Akwai kuma shafin intanet mai suna ePing da aka buɗe a 2016, kyauta ne. Ka sa ɗanka ya yi rajista, ya zaɓi kayan fata da ƙasashen da kake hari, duk sanarwar da ta fito za ta shigo masa ta imel. In kun ga daftarin da zai cuce ku, ƙungiyarku ta dukawa ta rubuta wa SON da Ma'aikatar Ciniki kafin kwana 60 su cika, da bayani dalla-dalla: ga abin da za a kashe, ga mutum nawa ke ci daga sana'ar, ga wata hanyar da za ta biya buƙata ba tare da ta kashe mu ba. Tun ran gini tun ran zane. Abin da ke ci mini rai shi ne mu yawanci ba ma jin labarin doka sai ranar da aka dawo mana da kaya. Ƙasashen gabashin Afirka irin su Yuganda da Kenya da Tanzaniya suna sahun gaba a duniya wajen aika sanarwa ga wannan kwamiti, ba don sun fi mu arziki ba, sun dai ɗauki abin da muhimmanci ne.

TAMBAYA: Malam, ina harkar wake a Dawanau. Shin wannan kwamitin ne ya hana a kai wakenmu Turai?
Daga wani ɗan kasuwar hatsi

AMSA: A'a Alhaji, Tarayyar Turai ce da kanta ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a watan Yunin 2015, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Dalili shi ne ragowar maganin ƙwari na dikulobos, wanda muka fi sani a cikin fiya-fiya, da aka riƙa samu ya ninninka iyakarsu ta miligiram 0.01 a kilo. Maganar guba a abinci da cututtukan dabbobi da na tsirrai tana ƙarƙashin wata yarjejeniya daban mai suna SPS, mai nata kwamitin a ginin guda. Lakabin buhu da yadda aka rubuta nauyi ne suka shafi TBT.

Kuma wannan waken da Turawa suka ƙi, mu muke dafa shi mu ba 'ya'yanmu. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, ba sai an zuba komai ba, muddin waken ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda daban. Ka duba ledojin ciki kafin ka zuba, in akwai huda ko da ta allura ce, ka ajiye wannan buhun ka ɗauki wani.